Shekarar da Muka Taka Iyakar Gona

Ga abin da ke ƙasa a shekarar, don kada wani ya ƙara ko ya rage bayan raina. Gona ɗaya ce, wadda mahaifinmu ya bari a arewacin gari, kan hanyar Kanan Bakashe. In damina ta yi kyau tana ba da dami ɗari da ashirin na hatsi, ban da wake da yakuwa. In ta ƙi, hamsin ma sai da addu'a. Gawo goma sha ɗaya ne a cikinta, da aduwa biyu, da wani gefe na jigawa mai laushi. Mu uku muka gaje ta: yayarmu Cima, da ni, da ƙanena Shaibu. Cima ta bar nata kason a hannun Shaibu tun da mijinta ya rasu ta dawo gida, saboda shi ke ciyar da ita. Nawa kason, kashi biyu cikin biyar, ba a taɓa fitar da shi ba, ba a kuma taɓa maganarsa ba. Baki goma sha huɗu ke ci daga gonar nan, babu ko ɗaya a cikinsu da ke gidana. Ƙane kuwa guda ɗaya gare ni a duniya. Kun sha jin ana cewa babanku ya kyautar da gadonku cikin zafin kai, na kuma san a cikinku akwai mai faɗin haka har yau in ba na wurin. To ku ji yadda aka yi daga bakin wanda ya yi.

Na bar garinmu ina ɗan shekara goma sha bakwai, da tiyar awo ɗaya da buhu biyu babu komai a ciki. Na fara da auna wake a kasuwar Mayahi, na koma Tasawa, daga buhu zuwa amalanke, daga amalanke zuwa kamyo, babbar motar kaya, har Allah ya kai ni Yamai na buɗe magaza, wato babban shagon ajiye kaya da sayarwa. Ba wanda ya ɗora ni, ba na kuma jin kunyar faɗi. Sai dai kasuwa ba ta barin mutum ya zauna. Garinmu ya zama wurin da nake zuwa gaisuwar mutuwa kawai: in iso da hantsi, a yi addu'a, in ajiye buhun shinkafa, kafin la'asar ina kan hanya. Ku kuwa duk a Yamai aka yanke muku cibi. A lokacin Laminu na da shekara sha tara, yana ajin ƙarshe na lise, wato sakandare, Zalika sha biyar, Habsu bakwai. Ba wanda ya taɓa taka garin a cikinku.

Abu ɗaya ne bai taɓa yankewa tsakanina da gida ba. Kowace shekara bayan kaka, direban da ke ɗauko mini wake daga Tasawa sai ya sauke wani ƙaramin buhu daban, an ɗaure bakinsa da kaba, ya ce saƙon Shaibu ne. Hatsin dami biyu ne, sussukakke. Mahaifiyarku ta yi mana fura da shi, in sha in ce babu hatsi irin na gonar Baba, in aika masa da godiya da shadda. Shekara ashirin da shida ana haka. Ni ɗan ƙauye ne, na san al'adar sarai: wanda ke noma gonar da ba tasa ba shi ke kai wa mai ita dami ɗaya ko biyu duk shekara, ba don hatsin ya kai wani abu ba, sai don kada a manta mai gona. Na sani, amma ban taɓa kawo ta a kaina ba. Na ɗauki buhun nan tsaraba, don haka ya fi mini daɗi.

Wata rana muna cin abinci, an sauke buhun a tsakar gida, Habsu ta dube shi ta dube ni.

"Baba, wai wannan Shaibun da ke aiko mana hatsi, yaronka ne na kasuwa?"

Ban ƙarasa cin abincin nan ba. Yarinyar ba ta yi laifi ba, abin da ta gani ta faɗa. Na ce wa mahaifiyarku da an ba da bakansi, wato hutun makaranta, zan tafi da ku gida, wata guda cur. Ta kawo maganar damina da sauro da ruwan rijiya. Na sayo gidan sauro uku da magani, na ce sauran kuma da shi na girma, ga ni. Ita ta zauna saboda magaza.

Kwana biyu muka yi a hanya. Daga inda muka bar gudron, hanyar kwalta, sai rairayi, mota ta kafe sau biyu, a na biyun sai da shanun wani bawan Allah suka ja mu. Da muka shiga gari yara suka biyo mu har ƙofar gida. Cima ta fito tana gyara zane, ta wuce ni kamar ba ta gan ni ba, ta kama fuskar Zalika da hannu biyu.

"Wagga ai Inna ce ta dawo. Isuhu, ka aje Inna a Yamai shekara sha biyar ba ka gaya muna ba?"

Shaibu ya iso daga gona da laka har gwiwa, yana ta faɗin Yaya, Yaya, ya rasa wanda zai fara ɗauka a cikinku. Kwana biyun farko ban taɓa jin daɗi irinsu ba. Ni da shi da Laminu da Ila, babban ɗan Shaibu, kwano ɗaya muke sa hannu. Zalika ta bi ƴan uwanta rijiya, ta ga yadda sa ke jan igiya gaba talatin kafin guga ya fito, ta dawo da tulu a ka, rabin ruwan a jikinta. Ana yi muku dariya wai Hausarku ta rediyo ce, kuna ramawa. Habsu ta sa wa kowace akuya suna. Ina zaune a zaure ina kallo, ina ce wa kaina na yi dabara.

Rana ta uku kasuwar Kanan Bakashe ke ci, Shaibu ya yi sammako ya tafi kai akuya. An yi ruwa da asuba, gari ya yi sanyi. Na ce ku zo in nuna muku inda aka yi ni. Da muka isa gona hatsi ya kai ƙirji, duk ya jiƙe, sai na ce mu bi ta gefe. Haka muka kama iyaka. Na nuna muku tushen gamba da Baba ya dasa a jere don raba gonarsa da ta maƙwabta. A kusurwar gabas na sa ƙafa na tone rairayi, na fito muku da fasasshen dutsen niƙa da ya binne tun kafin a haife ni. Laminu, wanda a lokacin ba shi da zance sai na zama mai awon filaye, ya zaro kaye da bik, littafin rubutu da biro, yana ƙirga taku yana rubutawa, yana ɗaukar hoto da salula. A gefen yamma muka iske Malam Barmo, maƙwabcin gonarmu, yana maimai. Muka gaisa har da tambayar tsofaffi.

"Malam Barmo, ashe har yanzu dutsen Baba na nan inda ya sa shi?"

"Yana nan, Alhaji. Ba wanda ya taɓa shi."

Yana ba ni amsa, idonsa na kan kayen Laminu. Ban lura da ma'anar kallon ba sai daga baya. Da muka zagayo inda muka fara, Laminu ya rufe kaye ya ce, "Baba, to duk wannan namu ne?" Na ce, "Naku ne mana, gonar kakanku ce." Rabi, ƴar Shaibu, tana bayanmu da ƙwaryar fura za ta kai wa yayyenta. Ta ji.

Akwai abin da ban taɓa gaya wa kowa ba, zan faɗa a nan tunda gaskiya na zauna rubutawa. Da muka zo gefen jigawar nan na duƙa na damƙi ƙasa na murza, nan take na ga buhunan aya a cikin kaina, har na san kasuwar da zan kai su. Haka idona yake, ba ya ganin fili bai auna ba. Ban je da niyyar komai ba, amma wanda ya hango ni daga nesa ya ce ga mai son gona, bai yi mini ƙarya duka ba.

Da azahar abinci ya iske mu a zaure cikin kwanonin baƙi masu murfi, har da kaza. Ila bai zo ba. Shaibu ya dawo daga kasuwa, ya leƙo ya ce, "Sannu da hutawa, Alhaji," ya wuce ciki. Yaran da ke manne da Habsu tun safe aka kira su ɗaya bayan ɗaya, ta rage ita kaɗai da awaki. Ni da ke gane mai saye ya fasa tun kafin ya buɗe baki, na san wani abu ya karye, amma ban san mene ne ba. Na shiga ciki na iske Cima a inuwar rumbu tana tsinkar tafasa.

"Isuhu, zamna nan. Kai da wayonka duka, mi ka tahi yi bakin gona da sahe?"

"Yara na kai su ga gonar kakansu."

"Ta tsakiya kunka bi ko ta iyaka?"

"Ta iyaka. Hatsin ya jiƙe."

"Ka tone dutse?"

"Na tone."

"Ka kira maƙwabci ya shaida?"

"Gaisawa munka yi, Yaya."

"Yaronka na rubutu?"

"Yana yi."

"To in mutum ya zo rabon gona, mi yake yi wanda ba ka yi ba?"

Ta ci gaba da tsinkar ganyenta tana ba ni labari ba tare da ta dube ni ba. Bara waccan wani ɗan garin da ke aiki a birni ya zo da ƴaƴansa, ya taka iyaka kamar yadda na yi, bayan sati aka ja igiya. Abin da ya rage wa ƙannensa bai isa ci ba, yanzu ƙwadago suke yi a gonakin mutane, ko a masallaci ba sa gaisawa. Tun ranar da motata ta shigo gari ake tambayar Shaibu me ya kawo ni da yara tsakiyar damina, ni da ban taɓa kwana ba. Shi kuwa yana cewa yayansa ba haka yake ba.

"Kwana biyu yana cika baki da kai a majalisa. Yau tun bai sauka daga amalanke ba anka tare shi da labari. Kuma kai kana tsammanin buhun da yake aiko maka tsaraba ce? Damin aro ne. Ko shekarar da fara ta cinye gari, da munka yi wata biyu muna cin ganye, sai da ya cire naka kahin ya ba ɗiyanshi."

A shekarar da take faɗi, na tuna sarai, na sha furar nan a Yamai da sukari da nono, har na ce hatsin bana bai kai na bara ƙwari ba.

Bayan la'asar na bi Shaibu gona. Na same shi shi kaɗai da doguwar hauyar nan ta tsaye, yana turawa kamar ƙasar ta yi masa laifi.

"Sannu da aiki, Shaibu."

"Sannu, Alhaji."

"Yau kuma ni ne Alhaji?"

"Ai ka je Makka."

"Ban zo rabo ba."

"In ma ka zo, haƙƙinka ne. A kira maigari da liman, a ja igiya. Abu guda nike roƙo, a bari in cire amfanin bana."

"Na ce maka ban zo rabo ba. Rantsuwa kake so?"

Sai a nan ya tsaya, ya dogara da hauya ya dube ni.

"Na yarda da kai, Yaya. Kai ba ka zo ba. Yaron da ke da kaye fa? Ran da ba ka, ba ni, shi da Ila za su tsaya nan wurin. Shi yana da takarda da Faransanci, Ila na da hauya. Wa kake gani za shi ci?"

Na yi shekaru ina ciniki, na san lokacin da abokin magana ya fi ni gaskiya. Rantsuwata ba za ta ɗaure Laminu ba, ba za ta ɗaure ƴaƴan Laminu ba. Na ce masa to na bar masa kasona kyauta, a gaban shaidu. Na zaci zai yi murna. Fuskarsa ta ƙara ɗaurewa.

"Ban roƙe ka ba. Shekara ashirin da shida ban ci na kowa a banza ba. Ba yau za a ce Alhaji ya zo daga birni ya yi ma ƙanenshi sadaka ba."

Ya juya ya ci gaba da turin hauya. Na dawo gida a ƙasa, ina tafe ina juya maganar. Da na gaya wa Cima yadda muka yi, ita ma ba ta goyi bayana ba. Ta ce in na ba shi na kakkaɓe riga na tafi, me zai sake kawo ƴaƴana garin nan? Yanzu ko ba komai akwai buhu da ke zuwa, akwai godiya da ke dawowa. In na yanke wannan ban sa wani abu a madadinsa ba, na gama da gida ke nan, sai dai a ce na gama cikin mutunci. To ga matsala iri biyu: mutumin da ba ya karɓar kyauta, da yaran da ba su da abin da zai dawo da su. Abin da kasuwa ta koya mini shi ne, wanda girman kai ya hana shi karɓar kyauta, in ka zo masa da ciniki zai zauna. Ina tsaye a tsakar gida ina wannan tunani idona ya faɗa kan wurin da ɗakin Baba yake a da. Ya rushe tun shekarun baya, an kafa turaku ana ɗaure awaki.

Washegari da hantsi na roƙi maigari ya tara mu a ƙofar gidansa. Akwai liman, akwai Malam Barmo da dattawa uku, Cima ta zauna daga gefe a kan tabarmarta. Na sa Laminu ya zo da kayensa, Shaibu ya zo da Ila. Mutanen gari suka taru daga nesa, kowa na jiran a ɗauko igiya. Bayan addu'a maigari ya ce, "Alhaji, muna jin ka."

"Ranka ya daɗe, ciniki na zo yi da ƙanena. Ina da kaso a gonar Baba, ina son in musanya shi. Abin da nike so, wurin ɗakin Baba da ke cikin gida, a yi ɗaki biyu, nawa da na ɗiyana da na ɗiyansu. Duk ran da ɗayansu ya zo, kada a tambaye shi mi ya kawo shi."

Shaibu ya yi wata ƴar dariya marar daɗi.

"Wurin awaki? Wanga ba ciniki ba ne. Kyautar jiya ce ka sake ma riga."

"Kai ka san abin da kake sayarwa, ni na san abin da nike saye. A Yamai ina da gida, ina da magaza. Abin da ba ni da shi, wurin da ɗiyata za ta sauka ba a kawo mata kwano mai murfi ba. Akwai mai sayar mini da shi in ba kai ba?"

Ya sunkuyar da kai yana zane a ƙasa da tsinke. Can ya ce in haka ne, shi zai buga tubali ya gina da hannunsa, kada in kawo magini. Na ce na yarda, amma rufi nawa ne. Ya ce ƙofofi nasa ne. Na ce tagogi nawa. Ya ce har yanzu an yi masa araha da yawa, zai ƙara da rago ɗaya duk shekara, wanda zai kiwata da ƴaƴan gawon gonar ya aiko mini na layya. Nan na ƙi, na kuma ƙi da ƙarfi. Na ce duk abin da zai fito daga gonar nan zuwa gidana shekara-shekara ba na so, ko zangarniya ɗaya ce, domin shi ya kawo mu inda muke. Maigari ya kasa riƙe dariya, ya ce tun da ya gaji ubansa yake raba gardama, bai taɓa ganin mutum na kukan an yi masa araha ba. Dattawa suka yi dariya, har Shaibu ya murmusa. Na ce in yana son ƙari, ga ƙari: duk damina yaran nan za su zo, ya sa su aiki, ya yi musu faɗa, wanda ya yi rashin kunya ya hore shi, ba sai ya tambaye ni ba.

Ana cikin haka Laminu ya matso kusa da kunnena ya yi magana ƙasa-ƙasa da Faransanci. Na ji abin da ya ce. Zan iya share shi, mutane ba su gane ba. Amma na tuna maganar Shaibu ta jiya, na san in na bar maganar nan ta kwana cikin Faransanci, wata rana za ta tashi ba na nan.

"Faɗa da Hausa, baffanka ya ji."

Ya dube ni yana roƙo da ido. Ban ɗauke kai ba. Ya miƙe tsaye.

"Na ce gadonmu ne, Baba. Ba a tambaye mu ba."

Ila ya ɗaga kai ya dube shi. Shaibu ne ya fara magana, a hankali.

"Yaron ya yi gaskiya, Yaya."

"Gado sai na mutu, ga ni kuwa zaune da lafiyata. Laminu, ka taɓa kwana da yunwa don gonar nan ba ta yi ba?"

"A'a."

"Ila ya kwana. Ka san watan da ake shuka a cikinta?"

Ya girgiza kai.

"To buɗe kayen nan. Takun da ka ƙirga jiya, gabas da yamma, kudu da arewa, su za ka rubuta a takarda, da dutse da gamba da sunan maƙwabta. A ƙasa ka sa sunan baffanka. Kai ma ka sa hannu a cikin shaidu."

Ya zauna ya rubuta. Hawaye na ɗiga a kan gwiwarsa, amma rubutun ya fita tsaf, babu kuskure ko ɗaya. Liman ya rubuta tasa da ajami, ya tambaye ni sau uku ko da hankalina, ko wani ya tilasta ni, na amsa sau uku. Muka dangwala yatsa, Cima ma ta dangwala a kan nata kason, aka shafa fatiha. Bayan kwana biyu muka kai takardar meri, ofishin magajin gari, aka buga mata hatimi. Laminu, in kana karanta wannan, ka sani ban taɓa jin haushin abin da ka faɗa ba. Yaron da zai iya miƙewa gaban dattawan garin da bai sani ba ya faɗi abin da ke ransa da harshen da ake yi masa dariya a kai, sannan ya zauna ya rubuta abin da ba ya so da kyau, wannan ɗana ne. A ranar na san zan iya bar maka magaza.

Da azahar ta ranar cinikin abinci ya zo a kwano ɗaya, tuwo da miyar kuka, babu kaza. Washegari tun rana ba ta fito ba na ji muryar Shaibu a tsakar gida yana cewa, "Kai Laminu, nan ba otal ba ne, ɗauki hauya." Sati uku muka ƙara. Hannun Laminu ya yi kanta, Zalika ta iya daka har tana tafi da taɓarya, Habsu ta yi kuka ranar tafiya har sai da aka ɗauke ta aka sa a mota. Da muka isa Yamai na gaya wa mahaifiyarku komai. Ta daɗe tana kallona, ta ce, "Ka tafi kai yara ganin dangi, ka dawo babu gona." Na ce haka ne.

Shekara goma sha ɗaya ke nan, ga lissafin yadda na gan shi. Na rasa kashi biyu cikin biyar na gonar Baba, dami arba'in da takwas a shekara mai kyau, da jigawar da har yau in na wuce ta sai na kawar da kai. Ƙasa ta yi tsada a yankinmu fiye da yadda na zata, wannan kam ban hango shi ba, kuma ba zan ce muku bai taɓa yi mini ciwo ba. Na rasa fuskar babban ɗana shekara biyu, gaisuwa kawai ke haɗa mu. Hatsin gonar Baba ya daina zuwa gidana, in ina son sa sai in tashi in je can in sha. Wannan ita ce hasarar, ban rage komai ba.

Ɗakuna biyun suna nan, Shaibu ya gina su kafin damina ta zagayo, kuma ba su taɓa shekara a rufe ba. Gonar ba a ja mata igiya ba, bakin da ke ci daga cikinta yanzu sun haura ashirin. Ila bai tafi ƙasar waje neman abinci ba, shi ke tara wa Laminu wake a kasuwannin Mayahi da Atantane, suna faɗa a salula kamar waɗanda suka tashi a ɗaki ɗaya. Da Cima ta rasu, Zalika ce ke riƙe da kanta. Ranar ɗaurin auren Zalika kuwa, a Yamai, cikin manyan ƴan kasuwa da ma'aikata, liman ya tambaya wane ne waliyyin yarinya. Shaibu, wanda ya kwana biyu a mota da mutum goma sha takwas daga garinmu, ya gyara zaman babbar rigarsa ya ce, "Ni ne ubanta."

Na yi ciniki shekara arba'in da ɗoriya, na ci riba, na faɗi, an cuce ni, na kuma san kamannin kowanne. Wanda ya ga an cuce ni a wannan, ya zo ya nuna mini kasuwar da ake sayar da irinsa.